Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Yadda Za Ka Tsaya Gaban Jama'a Ka Yi Magana da Bakinka

 Akwai wani abu da muke lura da shi kusan duk lokacin da muka fita ɗaukar murya a wurin taro, ko na ƙungiyar manoma, ko na kwamitin makaranta, ko ranar da baƙi suka zo daga Madarunfa ko Maraɗi. Kafin a buɗe taro za ka iske mutum zaune a inuwa yana yi wa abokansa bayani tiryan-tiryan: yaushe famfon garinsu ya lalace, nawa aka tara, wa aka aika, me mai gyara ya ce. Ko yaro ya ji ya gane. Amma da zarar an miƙa masa makirfo, sai ya zama wani mutum daban. Murya ta sake, kafaɗa ta ɗaga, sai ka ji "donk" da "bon" da "sansibilizasiyon" suna fitowa daga bakin da bai saba da su ba. Ya yi minti goma yana jinjina wa manyan baƙi, lokacinsa ya ƙare, ya koma ya zauna. Maganar famfo kuwa ba ta fito ba.

Wannan ba abin dariya ba ne, jama'a. A irin waɗannan tarukan ne ake yanke inda za a haƙa rijiya, inda za a gina aji, wace ƙungiya za a ba iri ko takin zamani, wane gari za a buɗe wa bankin cimaka. Wanda gari ya wakilta, in ya tashi ya yi maganar aro, garin ne ya yi asara. Shi ya sa yau muka ga ya dace mu tsaya a kan wannan batu: mene ne yin magana da bakinka a gaban jama'a, me ya sa ta fi shiga kunne, kuma yaya mutum zai koye ta?

Me ake nufi?

Abu uku ne suke haɗuwa wuri guda. Na farko, abin da kake faɗa ka san shi, ka gan shi ko ka yi shi. Na biyu, ka yarda da shi har cikin ranka. Na uku, ka faɗe shi da harshen da ka saba, irin wanda maƙwabcinka zai ji ya ce lalle wane ne ke magana. In ɗaya ya ɓace daga cikin ukun nan, masu saurare suna ganewa, ko da ba su ce komai ba. Kunnen Bahaushe ya saba da ciniki a kasuwa, ya san muryar mai kayan kirki, ya san muryar mai son ya sayar ya gudu.

Kada a ɗauka muna cewa mutum ya tashi ya faɗi duk abin da ya zo bakinsa. Magana zarar bunu ce. Kunya da ladabi da girmama manya suna cikin halinmu, wanda ya zubar da su a gaban taro shi ma ya ari halin da ba nasa ba. Haka kuma ba a ce kada a shirya ba. Mai shiri ya fi kowa iya magana da bakinsa, domin ya riga ya san inda zai fara da inda zai tsaya, ba ya buƙatar ɓuya a bayan manyan kalmomi.

Darasin sassaben zamani

Ba sai mun je nesa neman misali ba, yana cikin gonakinmu. A farkon shekarun 1980 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya zo Maraɗi aikin dashen itatuwa. An yi ta dasawa, mafi yawa suna mutuwa, ga iska, ga fari, ga dabbobi. A shekarar 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara kafin damina, tohon kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu tana nan a ƙasa. In aka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi aka bar su, aka rage sauran, sai kalgo da sabara da taramniya su tashi da kansu. Wannan shi ne abin da muka sani da sassaben zamani.

To, sanin dabara daban, shawo kan mutane daban. A lokacin, gona mai tsabta ita ce gonar manomin kirki, wanda ya bar itace a gona ana yi masa kallon rago. Da yunwar 1984 ta zo, wadda dattawanmu ke kira El-Buhari, aka haɗa rabon cimaka da sharaɗin barin itatuwa a gona. Mutane suka bari, domin ciki. Da aka daina rabo, da yawa suka ɗauki gatari suka sare. Kun ga iyakar maganar da aka karɓa don abin hannun mai ita.

Amma wasu ba su sare ba. Bayan ƴan shekaru sai ga su da itacen girki a gona, matansu sun huta da doguwar tafiya, iska ta rage binne shuka, dabbobi sun sami ganye da rani. Waɗannan manoma su ne suka zama masu jawabi na gaske. Ba su da allo, ba su da takarda. Mutum zai tsaya a bakin gonarsa ya ce wa ɗan'uwansa: ga gonata, ga ta maƙwabcina, duba da idonka. In an tambaye shi ko inuwa ba ta hana hatsi, ya faɗi yadda yake rage rassa. In an tambaye shi ɓarayin itace fa, ya faɗi gaskiya cewa ana sata, ga yadda suke fama. Daga gona zuwa gona, daga kasuwa zuwa kasuwa, maganar ta bi jihar Maraɗi ta kai Damagaram. Masu bincike da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam bayan kusan shekara 20 sun ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun tashi a kan hekta kusan miliyan 5 a ƙasar Nijar.

A shekarar 2018 aka ba Tony Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. A wannan shekarar kuma aka ba wani manomi ɗan Burkina Faso, Yakuba Sawadogo, irin wannan lamba. Shi Yakuba bai yi boko ba. Ya shahara ne da gyara tsohuwar dabarar haƙa ƙananan ramuka a fako ana zuba taki, wadda a nan muke ce wa tassa. An gayyace shi manyan taruka a ƙasashen duniya, yakan je da rigarsa ta gida, ya yi magana da harshensa na Mosi, tafinta ya fassara. Manyan masana suna zaune suna rubutawa. Ya rasu a watan Disamba na 2023. Ita ma tassar, ta hanyar bakin manoma ta bazu a ƙasarmu: a 1989 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka je yankin Yatenga suka gani, suka dawo suka gwada, maƙwabta suka ɗauka.

Abin lura a nan shi ne, mutanen nan ba su fi kowa iya tsara zance ba. Abin da suka fi mu da shi, duk kalmar da ta fito bakinsu akwai gona a bayanta.

Mata Masu Dubara

Misali na biyu na iyayenmu mata ne. A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi, an gina shi a kan adashin da mata suka riga suka sani. Kowane mako mata su taru, kowace ta zuba nata a akwati a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi, a faɗi wadda ta ci bashi da ranar da za ta biya. Mafi yawansu ba su yi karatun boko ba, lissafin a ka yake, shaidarsa kuma kunnuwan ƴan ƙungiya ne. Yau wannan tsari da aka fara a ƙauyukanmu ana yin sa a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Kuɗi aka je nema, amma an samo har da baki. Macen da ta shekara tana tashi kowane mako a gaban mata talatin tana faɗin abin da ke cikin akwati, ba ragi ba ƙari, ta koyi abin da ba a koyarwa a aji: ta faɗi abin da ta sani, a taƙaice, a gaban mutanen da za su iya ƙaryata ta nan take. Da aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, an sami matan waɗannan ƙungiyoyi da suka tsaya takara suka ci kujerun kansila. In kun taɓa jin shugabar asusu tana bayani a gaban baƙi, za ku lura ba ta kewaye-kewaye. Mu nawa ne, nawa muka tara, me muka saya, me ya rage mana. Shi ke nan, kuma kowa ya gamsu.

Maganar harshe

Mun san abin da ke sa mutane aron baki. Shekara da shekaru an nuna mana cewa maganar ofis da Faransanci ake yin ta, wanda bai iya ba sai ya ji kamar bai isa ba. Ko a lokacin, akwai waɗanda suka gane darajar muryar talaka: tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo a Nijar, ana shiga ƙauyuka da na'ura a ɗauko ra'ayin manoma da harshensu, a sa a gidan rediyon ƙasa. Yanzu kuma kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Don haka wanda ya tashi a taro ya yi Hausarsa tsantsa, ba shi da abin jin kunya.

Ba muna yaƙi da kalmomin aro ba ne. Wanda ya ce lakwal ko mushe ko furoje, Hausar Maraɗi ya yi, kowa ya gane. Wanda kuma ya yi karatu ya iya Faransanci sosai, in taron na masu jin sa ne, ya yi abinsa. Inda matsala take shi ne ka ɗauko kalmar da kai kanka ba za ka iya fassara wa mahaifiyarka ba, don kawai a ce ka waye. Ga gwaji mai sauƙi: duk kalmar da za ka faɗa a taro, ka tambayi kanka, in wani dattijo ya ɗaga hannu ya ce "ɗana, me ke nan?", kana da amsa? In babu, ajiye ta. Kayan aro ba ya rufe katara.

In kuma baƙin ba sa jin Hausa, ka nemi tafinta, ka riƙa faɗin jimla biyu ko uku kana dakatawa ya fassara. Gara cikakkiyar magana ta bi ta bakin tafinta da rabin magana da ka yi ta kame-kame a harshen da ba ka mallaka ba.

Jarabar faɗin abin da baƙo ke son ji

Akwai wani nau'in aron baki da ya fi na harshe illa. Mota ta tsaya, baƙi sun sauko da takardu, sai kowa ya fara lissafin me suke son ji. In masu rabon tallafi ne, sai a ce gari duka ba wanda ya ci abinci. In masu duba aikin da suka kawo bara ne, sai a ce komai lafiya lau, alhali injin ya tsaya tun watan azumi. Duka biyun gari suke cuta. Wanda ya ce komai lafiya ya rufe ƙofar gyara da hannunsa. Wanda ya ƙara gishiri kuma, ranar da aka zo aka ƙirga aka ga ba haka ba ne, ko gaskiya ya faɗa nan gaba ba mai yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Zamani ma ya ƙara tsananta abin. Yau a kowane taro akwai mai ɗauka da salula. Abin da ka faɗa da hantsi a Sarkin Yamma, kafin la'asar an ji shi a Safo da Jiratawa da Gabi da Ɗan Isa ta WhatsApp, har ƴan'uwa da ke Jibiya da Katsina sun saurara. Mutanen da suka san gaskiyar lamarin suna cikin masu ji. Ba a iya yin magana biyu kuma, ɗaya ta baƙi ɗaya ta gida.

Yadda za ka shirya

Ka fara da niyya. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labari a littafinsa Infaƙul Maisuri cewa mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, in zai fita wurin jama'a don karantarwa yakan ɗan tsaya shi kaɗai tukuna ya sabunta niyyarsa, ya roƙi Allah ya sa mutane su fahimci abin da zai faɗa. Shehu masanin Larabci ne, amma da Hausa da Fulatanci yake yi wa jama'a wa'azi. Kai ma kafin ka miƙe, tambayi kanka: don a yaba ni zan tashi, ko don famfon nan ya gyaru? Amsar ita za ta zaɓa maka kalmomi.

Sannan ka riƙe magana guda. In aka ba ka minti biyar ka kawo buƙata bakwai, ba wadda za a tuna. Ku zauna da waɗanda suka wakilta ka tun kwana ɗaya kafin taro, ku daidaita a kan wadda ta fi muhimmanci.

Ka zo da lissafin da kai ka ƙirga. "Muna shan wahalar ruwa" kowane gari yana faɗin haka. Amma in ka faɗi gida nawa ke sha a rijiya guda, da ƙarfe nawa mata ke fita da ƙarfe nawa suke dawowa, da kuɗin jarka guda a wurin mai amalanke, ka ba mai saurare abin da zai rubuta ya tafi da shi. Abin da ba ka ƙirga ba kada ka ƙaga masa lamba.

Ka yi gaisuwa daidai gwargwado. Sallama, girmama sarki da hukuma da malamai da iyaye mata, wannan wajibi ne a wurinmu. Amma kirari aikin maroƙa da sanƙira ne, sun gaje shi, sun fi ka iyawa. Kai abin da aka aiko ka da shi daban ne.

In an yi maka tambayar da ba ka da amsarta, ka ce ba ka sani ba, za ka bincika, ko ka nuna wanda ya fi ka sani a cikin taron. Wannan kalma ba ta rage mutum. Ita ce ma ke sa a yarda da sauran abin da ya faɗa.

Takarda kuma, a rubuta kanun magana kawai, uku ko huɗu, da boko ko da ajami. Wanda ya dunƙufar da kai yana karanta abin da wani ya rubuta masa, muryarsa takan mutu, in ya ɓata layi guda sai komai ya rushe. Ga matasanmu ɗalibai da ma'aikata masu nuna bayani da kwamfuta a jikin bango, shawara ɗaya ce: hoton da ke bango ɗan rakiya ne, kai ne mai magana. Ka sa hoton gonar ko na rijiyar da kake zance a kai, ka fuskanci mutane, kada ka juya musu ƙeya kana karanto musu abin da idonsu ke gani. Kuma ka shirya yadda in wuta ta ɗauke za ka ci gaba ba tare da ka daburce ba.

Saura tsoro. Kowa yana jin sa, har mu da muke gaban makirfo kullum. Bushewar baki da rawar gwiwa ba alamar rashin iyawa ba ne. Ka gwada maganar tun a gida, a gaban matarka ko abokinka ko ƙanenka, ka ce su faɗa maka abin da suka gane. A wurin taro ka ja numfashi, ka nemi fuskar wani da ka sani a cikin jama'a, ka fara kamar da shi kake. In ka yi tuntuɓen harshe, ka gyara ka wuce. Mutane suna yafe tuntuɓe, abin da ba sa yafewa shi ne a raina musu hankali.

Namu nauyin, mu masu saurare

Mai magana ba shi kaɗai ke da laifi ba. Sau da yawa mu ne muke tafa wa wanda ya zuba kalmomin da ba mu gane ba, mu yi gunaguni in wata tsohuwa ta tashi tana magana a hankali da Hausar ƙauye. Yaro ya yi kuskure a gaban taro, a yi ta yi masa dariya har mako guda, gobe ko an roƙe shi ba zai tashi ba. In muna son masu faɗa mana gaskiya, sai mun ba su wuri. Shugabannin taro su riƙa ba mata da matasa lokaci tun da farko, ba sai rana ta yi zafi kowa ya ƙosa ba. In za a zaɓi wakili kuma, a duba wanda abin ya shafa. Maganar ruwa, a tura mai ɗibar ruwa. Maganar zogale da kayan lambu, a tura mai lambu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai taruka a gabanmu, na ƙungiyoyi, na makarantu, na shirin damina. Duk wanda aka ɗora wa nauyin magana a madadin garinsu, muna roƙonsa ya je da muryar da yake hira da ita a dandali, ya faɗi abin da idonsa ya gani. Ku kuma masu saurare, ku aiko mana da ra'ayoyinku ko ku kira mu a filinmu na tattaunawa: a garinku wa ake turawa ya yi magana, kuma me ya sa shi ake zaɓa? Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya da jin ta, ya ba mu damina mai albarka.